Baturen Da Ya Iso Tafkin Cadi A Kan Keke

TAMBAYA

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani dattijo mai sauraronmu, bafataken banda. Ya ce a Gamborun Ngala aka haife shi, ya yi shekaru yana saro kifi a Doron Baga, amma yanzu rikici ya sa yana zaune a Maiduguri shi da iyalinsa. Alhajin ya ce sa'ad da yake yaro yakan ga Turawa jefi-jefi suna wucewa ta garinsu a kan keke, sun ɗaure kaya gaba da baya, rana ta gasa su sun yi jawur, sun nufi Kusiri. Har ma wata rana mahaifinsa ya sauki ɗaya a zaure, aka kawo masa tuwo da tabarma, da asuba ya yi godiya da hannu ya ƙara gaba. Tambayoyinsa uku ne. Wa ya fara wannan irin doguwar tafiya a kan keke? Akwai wanda ya taɓa ratsa Afirka har ya biyo ta Tafkin Cadi? Sa'an nan me ya sa yanzu ba a ganinsu, kuma ko za su sake dawowa?

AMSA

To Alhaji, mun gode ƙwarai da wannan wasiƙa taka, Allah Ya sa ka koma gida lafiya. Tambayoyinka masu nauyi ne, musamman ta ƙarshen, saboda haka sai ka gyara zama, mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Da farko dai shi keke ba tsohon abin hawa ba ne kamar doki ko jaki. Cikin shekarar 1817 wani Bajamushe mai suna Karl Drais ya ƙera wani abu na katako mai ƙafa biyu, ba feda ba kaca, mutum ya hau ya riƙa tunkuɗar ƙasa da ƙafafunsa. Sai bayan 1860 maƙeran birnin Paris suka sanya feda a ƙafar gaba. Daga nan aka shiga yayin wani irin keke mai ƙatuwar ƙafar gaba, wadda tsawonta ya kai ƙirjin mutum, da 'yar mitsitsiya a baya. In ka faɗo daga kansa, to, sai a nemo maɗori. Keken da muka sani yau, mai ƙafa biyu daidai wa daida da kaca mai jan ta baya, wani Baturen Ingila John Kemp Starley ne ya fito da shi a garin Coventry cikin 1885. Bayan shekara uku, watau 1888, wani likitan dabbobi John Dunlop da ke zaune a Belfast ya kawo tayar da ake hura wa iska. Ka riƙe zancen tayar nan Alhaji, za mu komo kanta.

Tun kafin keke ya gama gyaruwa mutane suka fara doguwar tafiya da shi. Wanda tarihi ya sani da fara zaga duniya a kan keke shi ne Thomas Stevens, haifaffen Ingila mazaunin Amurka. Ya tashi daga San Francisco ran 22 ga Afrilu 1884 a kan mai ƙatuwar ƙafar nan, inda teku ta tare shi ya shiga jirgin ruwa, bai kammala ba sai cikin Disamba 1886 a Yokohama ta ƙasar Japan. Ya murza wajen mil 13,500. Wani saurayi Ba'amurke, Frank Lenz, ya ce shi ma sai ya yi. Ya tashi cikin 1892, ya ratsa Amurka da Japan da Sin da Indiya da Farisa, amma cikin 1894 da ya shiga gabashin ƙasar Turkiyya, inda ake zaman ɗar-ɗar a lokacin, sai ya ɓace. Har yau ba a ga gawarsa ba. Ka ga tun daga farko an gane cewa ba ƙarfin ƙwauri kaɗai ke kai mai keke gida ba.

Wannan ita ce amsar tambayarka ta farko. Ta biyun kuwa, amsarta ita ce ƙwarai kuwa, akwai, kuma labarinsa shi ne gundarin shirinmu na yau.

TALAUCI NE YA KORO SHI

Sunan mutumin Kazimierz Nowak, mutumin ƙasar Polan da ke gabashin Turai. An haife shi cikin 1897. Kada ka ɗauka wani ɗan sarauta ne ko attajiri mai neman nishaɗi. Ma'aikacin ofis ne a birnin Poznan, yana da mata ɗaya, Mariya, da 'ya'ya biyu, mace da namiji. Ƙasarsu ba ta daɗe da samun kanta ba, don sai a 1918 ta kuɓuta daga hannun maƙwabtan da suka raba ta tsakaninsu, ga tsadar rayuwa ga rashin aiki. Shi ma aikin ya suɓuce masa. Abin da ya mallaka shi ne keke, da na'urar ɗaukar hoto, da iya rubutu. Sai ya yi shawarar ya riƙa yawon ƙasashe yana ɗaukar hotuna yana rubuta abin da ya gani, yana aika wa jaridu, su kuwa su biya matarsa a gida. Watau dai cin rani ne irin namu, sai dai shi hajarsa labari ce.

Ya fara cikin 1925 da ƙasashen Turai, har ya taɓa leƙowa arewacin Afirka, rashin lafiya da rashin guzuri suka mai da shi. Da tattalin arzikin duniya ya karye a 1929, abubuwa suka ƙara cakuɗewa, sai ya ɗaura niyyar babbar tafiya. Ran 4 ga Nuwamba 1931 ya yi sallama da iyalinsa. Ya bi ta Italiya, ya shiga jirgin ruwa, ran 26 ga watan ya sauka a Turabulus ta ƙasar Libiya. Kekensa ƙirar Brennabor ne, ya shekara bakwai yana aiki. Babu gwamnatin da ta ɗauki nauyinsa. Gudummawar da aka san ya samu ita ce tayoyin da wani kamfanin roba na garinsu, Stomil, ya riƙa aika masa.

Daga Turabulus ya kutsa kudu cikin hamada. Italiyawa ne ke mulkin Libiya a lokacin, kuma ba su daɗe da rataye Umar Mukhtar ba, wanda ya yi shekara ashirin yana yaƙarsu, don cikin Satumba 1931 suka kashe shi. Da Nowak ya ɓullo a wani zango mai suna Marada cikin 1932, sai hukuma ta yi mamakin yadda mutum guda ya fito daga cikin rairayi a kan keke, ta umurce shi ya koma bakin teku. Ya bi ta Bangazi ya shiga Masar, daga Iskandariya ya sake fuskantar kudu, ya kama gaɓar Kogin Nilu ya bi ta har cikin Sudan.

TAFKUNAN TSAKIYAR AFIRKA

Daga kudancin Sudan ya hau ƙasar tuddai, inda manyan tafkunan Afirka suke a jere. A nan ne Tafkin Victoria yake, wanda ya fi kowane girma a nahiyarmu, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 68,000. A nan ne Tafkin Tanganyika yake, mai zurfin mita 1,470, wanda a duniya duka tafki ɗaya ne kawai ya fi shi zurfi. Tsakanin ƙasar Ruwanda da Kwango kuma ga Tafkin Kivu, yana kwance lamo a kan tudu, duwatsu sun kewaye shi, gonakin ayaba sun gangaro har bakin ruwa. Nowak ya bi ta wannan yanki, ta Ruwanda da Burundi da gabashin Kwango, waɗanda duk Beljiyam ke riƙe da su a lokacin, ya ɗauki hotunan mutane da shanunsu da kasuwanninsu.

To Alhaji, bari mu ɗan tsaya mu duba yadda irin wannan tafiya take yiwuwa, don a nan ne asirin yake. Kai da ka san keke, ka san iyakar abin da kariya za ta ɗauka. Mai doguwar tafiya yana da tanti ko gidan sauro, da 'yar tukunya, da famfo, da kayan faci, da tufafi. Abin da ya rage na wuri shi ne na ruwa da abinci, kuma ruwa nauyi gare shi, kowace lita kilo guda ce. Mai murza feda cikin rana kuwa yana shanye lita da yawa kafin magariba. Ashe ke nan duk ƙarfin mutum ba zai wuce kwana ɗaya ko biyu ba sai ya nemi rijiya. Rijiya kuwa tana da masu ita. Mai mota yana iya rufe gilashi ya wuce gari goma bai ce wa kowa sannu ba. Mai keke ba shi da wannan gata. Dole ya tsaya, ya yi sallama, ya roƙi ruwa, ya sayi ƙwai ko rogo, ya tambayi hanya, in dare ya yi ya nemi izinin mai gari ya kwanta. In zazzaɓi ya kayar da shi, waɗanda ya tarar su ne danginsa. Nowak kuwa zazzaɓin cizon sauro ya kayar da shi ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba.

Wannan ne ya sa idonsa ya ga abin da sauran Turawan zamaninsa ba su gani ba, ko suka gani suka kau da kai. Su a mota suke tafiya ko a ɗauke su a amuku, masu dako na biye da kaya. Shi kuwa a ƙasa yake tare da talakawa, abin da suka ci shi yake ci. Rubuce-rubucensa cike suke da sukar yadda Turawan mulkin mallaka ke wulakanta mutanen ƙasa da kwasar dukiyarsu, abin da bai yi wa masu son Polan ma ta samu nata yankin mallaka daɗi ba.

Ka tuna tayar iskar nan ta 1888? To, da keke ya yaɗu a Turai da Amurka, daga baya mota ta biyo, sai roba ta yi tsada. A dazukan Kwango akwai itatuwan da ake tatsar ta. Sarkin Beljiyam Leopold na Biyu, wanda ya riƙe Kwango kamar gonar gadonsa daga 1885 zuwa 1908, ya sa aka tilasta wa ƙauyuka kawo roba. Garin da bai cika mudunsa ba a ƙone shi, a kama mata a tsare, har hannuwan mutane aka riƙa yankewa. Mutane masu ɗimbin yawa suka hallaka. Sa'ad da Nowak ya ratsa ƙasar, waɗanda suka ga wannan zamani da idonsu suna nan da rai. Duk da haka 'ya'yansu da jikokinsu ne suka ba wannan Bature ruwa, suka nuna masa hanya.

Daga yankin tafkuna ya gangara ta ƙasashen da a yau ake kira Zambiya da Zimbabuwe, ya shiga Afirka ta Kudu. Cikin Afrilu 1934 ya tsaya a Agulhas, watau ƙarshen ƙasar Afirka ta wajen kudu, inda babu sauran komai a gaba sai teku. A birnin Cape Town Turawan Ingila suka yi masa tayin tikitin jirgin ruwa ya koma gida cikin daraja. Ya ce a'a, ta ƙasa zai koma, kuma ta wata hanyar dabam.

KOMOWA TA TAFKIN CADI

Komowar ta fi zuwan wuya. A hamadar ƙasar da yanzu ake kira Namibiya tsohon keken nan ya wargaje, ya ƙi gyaruwa. Wani ɗan ƙasarsu mai gona a can ya ba shi doki, ya sayi wani ya ƙara, ya yi wajen kilomita 3,000 a kan sirdi har cikin Angola. Da ya iso Kogin Kasai ya samu kwalekwale, ruwa mai ƙarfi ya kife shi ya tafi da shi. Ya taka da ƙafa ɗaruruwan kilomita, ya sayi wani kwalekwalen ya sa masa sunan matarsa, ya yi wata biyu a kan ruwa shi kaɗai, har ya iso Leopoldville, watau Kinshasa ta yau, cikin Satumba 1935. A nan ya sake hawa keke, ya fuskanci arewa, ya keta dazukan da Faransa ke mulka, itatuwa na raguwa ƙasa na buɗewa, har cikin 1936 ya iso ƙasarku, yankin Tafkin Cadi.

Ba sai na kwatanta maka tafkin ba Alhaji, ka fi ni saninsa. Amma saboda sauran masu sauraro: ruwa ne shimfiɗaɗɗe marar zurfi, ƙasashe huɗu suka haɗu a kansa, Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwansa Kogin Shari da Logon ne ke kawowa daga kudu, sai kuma ɗan abin da Komadugu Yobe ke zubawa, wanda asalinsa kogunan Haɗeja da Jama'are ne. A tsibiransa akwai Buduma da jiragensu na ciyawa da shanunsu masu kumburarren ƙaho. A gaɓa ga Barebari da Kanembu da Shuwa da Kotoko, ana noma a inda ruwa ya janye, ana fataucin kifi da ungurnu.

Wani abin lura shi ne, shirun da Nowak ya tarar a tafkin ba daɗaɗɗe ba ne. Shekara 43 kafin zuwansa, cikin 1893, Rabe ya ci Barno da yaƙi, ya rushe Kukawa ya zauna a Dikwa. Ran 22 ga Afrilu 1900 Faransawa suka kashe Rabe a Kusiri, kwamandansu Lamy shi ma ya mutu a wannan rana, shi ya sa aka sa wa garin da ke tsallaken kogi suna Fort Lamy, wanda tsofaffinmu ke kira Fallomi, aka mai da shi Injamena a 1973. Dattawan da suka ga wannan Bature da kekensa, da yawansu sun yi gudun Rabe suna yara. Kuma zaman da ake yi a ƙarƙashin Nasara ba zaman jin daɗi ba ne, akwai haraji akwai aikin tilas. Amma dai hanya ta buɗe, fatake na tafiya, baƙo na kwana inda dare ya yi masa.

Ba shi kaɗai ke kan hanyar ba ma. Garinku Gamboru yana kan tsohuwar hanyar alhazan ƙasa, masu tasowa daga Kano da Sakkwato da Damagaram, su bi ta Dikwa da Kusiri da Fallomi, su wuce Abeshe su shiga Sudan har bakin Bahar Maliya. Su ma shekaru suke yi, su tsaya su yi ƙodago a gonakin auduga su sami guzuri su ƙara gaba, su ma da alherin mutanen hanya suke rayuwa. Saboda haka mahaifinka da ya shimfiɗa wa baƙo tabarma a zaure ba sabon abu ya yi ba, abin da ya gada ne.

A bakin tafkin ne keke ya kai iyakarsa. Faransawa suka ce ba su yarda ya shiga Sahara shi kaɗai ba, sai dai ya bi ayari. Sai ya sayi raƙumi, ya ɗauki ɗan ƙasa wanda zai ja masa gora, ya haɗa ɗan ayarinsa. Mutumin da ya ƙi tikitin jirgi, ya ƙi a taimake shi, ga shi nan ya sallama wa wanda ya san inda rijiyoyi suke. Ya bi ta ƙasar da a yau ake kira Nijar, ya yi wata biyar a kan raƙumi kafin ya isa Wargala ta Aljeriya. Daga nan ya sake hawa keke ya ƙarasa bakin teku, ya shiga babban birnin Aljeriya cikin Nuwamba 1936.

In aka haɗa, ya yi tafiyar kilomita 40,000 cikin shekara biyar. Wannan ya yi daidai da zagaye duniya sau ɗaya, ko kuwa ka je Maiduguri daga Kano fiye da sau 60. Amma in ka raba shi a kan kwanaki, bai fi kilomita 22 a yini ba, tafiyar da mai kai hatsi kasuwar ƙauye ke yi ya komo kafin la'asar. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai dai kada mu ɓoye maka ƙarshen labarin. Ya sauka Faransa ba ko anini, sai da ya sayar da hotuna ya kuma ci bashi kafin ya sami kuɗin jirgin ƙasa. Ya isa gida cikin Disamba 1936, ya tarar da 'ya'yan da ya bari ƙanana sun girma ba ya nan. Ya kawo hotuna fiye da 10,000, ya ɗan yi laccoci, amma jiki ya riga ya gaji. Zazzaɓi ya cinye shi, ga ciwon ƙashi a ƙafa. Aka yi masa aiki a asibiti, ciwon huhu ya kama shi, ya mutu ran 13 ga Oktoba 1937 yana da shekara 40. Ko shekara guda bai cika tare da iyalin da ya fita nema dominsu ba. Bayan shekara biyu yaƙin duniya na biyu ya faɗa wa Polan, aka manta da shi. Sai a shekarar 2000 wani marubuci, Lukasz Wierzbicki, ya tattara rubuce-rubucensa ya buga littafi. A 2006 aka kafa allon tunawa da shi a tashar jirgin ƙasa ta Poznan, daga 2009 kuma wasu 'yan ƙasarsu suka bi sawunsa a kan kekuna, rukuni na miƙa wa rukuni.

ME YA SA BA A GANINSU YANZU?

Mun zo tambayarka ta uku, wadda na san ita ce ta sa ka ɗauki alƙalami. Turawan da ka gani kana yaro magadan wannan al'ada ne. A wancan zamani mutum na iya tasowa daga Turai ya ratsa Aljeriya, ya sauko Agadas da Damagaram da Kano, ya bi ta Maiduguri da garinku ya wuce Kamaru ko Cadi. Abu biyu suka faru.

Na farko, ruwa ya ja baya. A 1963 faɗin tafkin ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 da na 1984 suka zo, kafin a ankara ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100, garuruwan da ke bakin ruwa irin su Ngigmi suka wayi gari a kan tudu. Daga baya ruwan ya ɗan farfaɗo, yana ƙaruwa yana raguwa gwargwadon damina. Amma wannan bai kori matafiya ba, don mai keke ba ruwansa da zurfin tafki.

Na biyun shi ne ya kore su, watau rashin zaman lafiya. Bayan 1990 tawaye ya tashi a arewacin Nijar, yaƙin basasa ya ɓarke a Aljeriya a 1992, hanyar hamada ta toshe. Daga 2009 rikicin Boko Haram ya kunno kai. Abin da ya sami Gamboru cikin Mayu 2014, da abin da ya sami Baga cikin Janairu 2015, ba ni ne zan ba ka labarinsa ba. Fiye da mutum miliyan biyu suka bar gidajensu a yankin. To, baƙo mai keke da zaure yake taƙama. In mai zauren kansa ya yi gudun hijira, wa zai sauke shi? Rashin ganin Baturen nan ba shi ne asarar ba. Alama ce kawai, kamar yadda rashin ganin shamuwa ke nuna damina ba ta kusa ba. Hanyar da ta gagari baƙo ita ce ta gagari motar bandarka, ta gagari mai kai barkono, ta gagari mai zuwa gaida uwarsa.

Ko za su dawo? Gaibu sai Allah, amma tarihi yana da abin da zai ce. Ka tuna Tafkin Kivu da Nowak ya bi ta yankinsa? A 1994 aka yi kisan ƙare dangi a Ruwanda, cikin kwana 100 aka kashe mutum wajen 800,000. Jama'a kusan miliyan guda suka kwarara garin Goma da ke bakin tafkin, kwalara ta bi su ta kashe dubbai. Duk wanda ya ga wurin a lokacin ba zai ce za a sake yin dariya a nan ba. Amma a 2011, bayan shekara 17, aka buɗe wata hanyar yawon buɗe ido a gaɓar tafkin ta wajen Ruwanda, mai tsawon kilomita 227, daga Rubavu zuwa Rusizi, tafiyar kwana goma a ƙafa ko biyar a keke. Baƙi na bi ta cikin gonakin gahawa da na shayi, suna kwana a ƙauyuka suna biya, suna sayen ayaba da soyayyen kifi, samari na samun aikin rakiya da gyaran keke. Da dare masunta na fita da fitilu kamar yadda iyayensu suka yi. A Satumba 2025 ma a Kigali aka yi gasar tseren keke ta duniya, karo na farko a Afirka.

Sai dai kuma a tsallaken wannan tafki, ta wajen Kwango, 'yan tawayen M23 sun kama Goma cikin Janairu 2025, mutane suka sake ɗaukar tabarmi a ka. Ruwa ɗaya, gaɓa biyu. Ashe shirun tafki ba daga ruwan yake ba, daga mutanen da ke gefensa ne da waɗanda ke mulkinsu.

Saboda haka Alhaji, ƙasarku ta ga Rabe ta farfaɗo, ta ga fari biyu ta farfaɗo. Ba mu ce gobe ko jibi ba, kuma ba mu ba kowa shawarar ya ɗauki keke ya nufi bakin tafki yanzu ba, ko ɗan gida ko baƙo, sai an tabbatar da hanya. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. Amma ranar da ka koma, ka gyara zauren mahaifinka, ka ajiye randa a ƙofa. Kafin wani Bature ya iso, masu keken farko da za ka gani 'yan gida ne, mai tallan kifi da malamin makaranta da yaro ɗan aike, suna tafe bayan magariba ba mai waiwaye. In ka ga haka, to, sauran ma suna hanya.

Ku ma sauran masu sauraro, in akwai dattijon da ya taɓa saukar da irin waɗannan baƙi, ko wanda kakansa ya je Makka a ƙasa ya bar labarin zangon da ya bi, a rubuto mana, za mu karanta. Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa. Sai mako mai zuwa in muna da rai.